Yadda Na Karɓo Tumunina

Da sunan Allah Mai rahama, Mai jinƙai.

Zuwa ga Ummi,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ya gajiyar biki, ya hanya, ya baƙunta? Ya mai gidan naki da mutanen gidansu? Ina roƙon Allah Ya sa kun sauka Minna lafiya, Ya sa ƙafar da kika shiga ɗakin nan da ita ta zama ta alheri, Ya tsare ki daga sharrin mutum da na aljan. Ƙanwarki Rabi tana gaishe ki, ko da yake tun da motarku ta tashi take kumbure-kumbure.

Kada ki yi mamakin tsintar takarda a ƙasan akwatinki daga wadda kuka kwana gida ɗaya da ita har ranar da aka ɗauke ki. Ke 'yar fari ce. Ko sunanki na yanka bakina bai taɓa kamawa ba, balle in zaunar da ke in ce ga abin da ya gudana tsakanina da babanki. Gwaggonninki sun yi miki faɗan aure, ina jin su ta taga: yi na yi, bari na bari, haƙuri, haƙuri, haƙuri, sai ka ce tallansa aka ɗora musu. Ban ce ƙarya suka yi ba. Amma ke malamar makaranta ce, mijinki kuma ma'aikacin gwamnati, wata rana ku biyun za ku tsufa kuna jiran fansho, kuma a kan wannan babu wadda ta ce miki uffan. Ni na sha wuyarsa, ni zan gaya miki. Ki yi haƙuri da rubutun, kamar kaza ta yi tono yake, da girma na koya.

Lokacin da aka kai ni gidan Malam, babanki, daga Gammo zuwa Sabon Birni, yana koyarwa a firamare, kuma a idon mutanen ƙauyenmu na auri mai albashi, na haye. Ba mu jima ba aka shiga zamanin tsuke bakin aljihu. Sabulu sai an yi layi, madara ta koma abin kallo, albashi ya wuce wata da watanni bai zo ba, in ya zo kuma ko buhun gero bai kai ba. A nan na kama ƙuli-ƙuli da man gyaɗa. Da kaskon suyar nan aka yi sunanki, da shi aka ɗinka miki rigar makaranta, da shi aka sa wa Malam tayar keke lokacin da aka mai da shi Madadi. Ban taɓa yi masa gori a lokacin ba, don mutumin kirki ne, Allah Ya jiƙansa, ko tsawa bai iya ba.

Amma duk shekarun nan ban taɓa tambayarsa komai game da aikinsa ba. Nawa ne albashin, me ake yanka, wa zai karɓa in ta Allah ta kasance, duk ban sani ba. Kunya nake ji, kada a ce matar nan idonta na kan aljihun miji. Ashe tun yana saurayi, ranar da ya kama aiki, da aka ce ya faɗi wanda zai tsaya masa in ya mutu, sunan wansa ya bayar, Baffanku Garba mai sayar da hatsi. Ya yi aure, ya haife ku ke da Rabi, bai canza ba, ni kuma ban tambaya ba. To ke ki tambaya. Ki zaunar da mijinki ranar da yake cikin raha, ya ci ya ƙoshi, ki ce wa ka rubuta? Ki kuma duba naki. Wanda ya ce fatan mutuwa kike masa, ki ce mai sayen likkafani ma ba gaggawa yake ba.

Da Malam ya yi ritaya, sai aka shiga jiran kuɗin sallama, giratutin nan da ake ba mutum a dunƙule. Yau za a biya, gobe za a biya. Komai aka tambaye shi sai ya ce, "Bari kuɗina su fito." Rufin ɗaki na yoyo, bari kuɗina su fito. Takalminki ya tsinke, bari kuɗina su fito. Har yaran unguwa suka fara kwaikwayonsa. Ana cikin haka ciwon hanta ya kama shi, ciki ya kumbura, ƙafafu suka zama kamar turmi, ya kwanta. Ke kina makarantar kwana a lokacin. Ni ce wanka, ni ce juyi, ni ce dafa saiwa, ni ce kuma suyar da za a sayi maganin asibiti.

Wata rana da hantsi na tashi daga gaban wuta, hayaƙi ya cika mini ido, mai ya fallatsar mini a hannu, na shiga ba shi magani. Baffa Garba na zaune bakin ƙofa, ya zo dubiya hannu rabbana kamar yadda ya saba. Malam ya dube ni ya ce, "Sannu Hajara. In kuɗina suka fito zan saya miki injin markaɗe ki huta." Maimakon in ce Allah Ya sa, sai na ji bakina ya ce, "Kuɗin nan naka dai, Malam, sai dai magada su ci."

Wallahi gajiya ce, Ummi, ba fata ba. Amma magana zarar bunu ce. Baffa ya gyara zama ya ce, "To, ka ji da kunnenka. Kana numfashi ana lissafin gadonka." Daga ranar ya mai da gidanmu wurin zuwa, kullum yana kan tabarma kusa da kunnen ƙaninsa. Ni ban gane lissafinsa ba sai daga baya. Malam ba shi da ɗa namiji, saboda haka in ya mutu ku mata biyu za ku ɗauki kashi biyu cikin uku, matarsa ta ɗauki tumuni, wato ɗaya cikin takwas, abin da ya rage na ɗan'uwa ne. In babu mata kuwa, tumunin nan aljihun Baffa zai faɗa.

Da Malam ya kira ni ya ce, "Hajara, da gaske mutuwata kike jira?" abin da ya kamata in yi shi ne in durƙusa in ce tuba nake. Kalma biyu ce. Sai zuciya ta ɗebe ni, na ce, "In zugar wanka ta fi maka shekarun da na yi ina wahala da kai, ka sallame ni mana, wa ya riƙe ka?" Kafin in rufe baki Baffa ya zaro takarda da biro daga aljihu, sai ka ce da su aka haife shi. Malam ya karɓa ya rubuta mini saki ɗaya. Ki riƙe harshenki ranar da kika gaji, Ummi, don na san irin nawa kika ɗauko. In kin ji magana mai zafi ta taso, ki fita tsakar gida ki sha ruwa. Kuma komai zafin faɗa kada kalmar saki ta fara fitowa daga bakinki, musamman in akwai na uku a ɗakin.

Kin san yadda ake yi a wurinmu: an sake ki, ki yafa mayafi ki tafi gidanku, a can za ki yi idda. Haka uwata ta gani, haka na gani. Ni kuwa har na ƙara gishiri. Kafin la'asar na kira motar akori-kura, na kwashe gado da kwanuka da kasko, har tukunyar da nake dafa masa magani ban bari ba, na ja hannun Rabi muka yi Gammo. Maƙwabciyarmu tana riƙe mini zane tana cewa, "Hajara, ki kwana tukuna," ina fizgewa. Daga baya na ji a bakin malamai cewa addini ma cewa ya yi mace ta yi iddarta a ɗakin mijinta. Da na zauna, wallahi ba za mu kai Juma'a ba mun shirya, don babu mai iya dama masa kunu yadda yake so sai ni. Amma na bar wa Baffa fili, ya ɗauke Malam ya mai da shi gidansa. In Allah Ya kawo saɓani, Allah Ya kiyaye, kada ki yi gaggawar naɗe tabarmarki, kowa ya ce ki fito ki ce a nan Allah Ya ce in zauna.

Abin da zan faɗa yanzu ba ki taɓa ji ba. Bayan iddata ta cika, sai ga Malam Idi a ƙofar gidanmu a Gammo, abokin babanku tun suna kwalejin horon malamai, wanda suka yi ritaya tare. Bayan an gaisa ya ce, "Hajara, mutumin naki ne ya aiko ni a ɓoye. Ya ce shaiɗan ne ya shiga tsakani, ki yarda a sake ɗaura aure ki koma ɗakinki." Zuciyata ta yi sanyi, wallahi ta yi, har na fara tunanin wane zane zan ɗaura. Amma ina so in ja aji, a san ni ma 'yar mutane ce. Na ce, "Malam Idi, da aike ya auro ni? In yana so na, ya zo da ƙafarsa." Malam Idi ya ce, "Haka zan gaya masa?" Na ce haka. Ya sa takalminsa ya tafi, ko ruwan da aka kawo masa bai sha ba.

Ni a raina, za a sake aikowa in ce na haƙura. Aiken da ya zo na gaba na rasuwa ne.

Na je gaisuwa Sabon Birni. Ke kin gan ni ranar, amma ba ki san abin da ke cina ba. Aka shimfiɗa mini tabarma can cikin maƙwabta, matan da suka zo suna wuce ni su je su yi wa matan Baffa ta'aziyya. Mutumin da na wanke da hannuna, na ci kwakwa tare da shi shekara da shekaru, ga ni a makokinsa kamar 'yar rakiya. Ba takaba a kaina, tunda idda ta cika kafin ya rasu. Kowa ya ce shi ke nan, igiya ta tsinke, ba abin da ya haɗa ni da shi sai ku. Ni ma haka na ɗauka.

Ba a rufa shekara ba kuɗin sallamar suka fito, har da bashin fanshon da yake bi. Maganata ta tabbata, magada ne za su ci, kuma ba na cikinsu. Baffa ya je ya karɓo, tunda sunansa ne a can. Ya tara mutum biyu a zaurensa ya yi rabo: naku ke da Rabi zai riƙe muku amana, saura nasa. Da lokacin biyan kuɗin jarrabawarki ta fita sakandare ya yi, na aika masa. Ya ce a gaya mini karatun ya isa haka, kuɗin marayu ba na wasa ba ne. A makon ya sayi sabon babur, ya cika rumbu biyu da dawa. Kika tattaro akwatinki kika dawo Gammo kika zauna.

Lokacin kuwa an ƙaddamar da Shari'a, gari ya ɗauka. Maza sun cika motoci sun tafi Kano, sun dawo murya a dishe saboda kabbara, kuma an ce Baffanku yana gaban mota, shi ke ba da baki ana amsawa. Makarantun Islamiyya na matan aure suka buɗe ko'ina, har Gammo. Na shiga, ba don son karatu ba, in faɗa miki gaskiya, don in huta da kallon tausayi ne a gida. A can na koyi wannan rubutun, da na ajami da na boko. Malamarmu, Malama Saude, 'yar siririya ce mai ƙaramar murya, sai an yi shiru ake jin ta. Wata rana tana karanta mana babin saki a littafin fiƙihu, ina gyangyaɗi, sai na ji ta ce, wanda ya saki matarsa yana cikin ciwo mai tsanani, sakin ya yiwu, amma in ya mutu a wannan ciwon bai warke ba, za ta gaje shi.

Barci ya watse. Na ce, "Malama, maimaita." Ta maimaita. Na ce, "Ko idda ta cika?" Ta ce, "Ko ta cika. A mazhabarmu ko ta yi wani auren ma. An yi haka ne don kada a kori mace daga gado a bakin kabari." Na ce, "Malama, ki rantse." Mata suka fashe da dariya, ta ce, "Hajara, ba a rantsuwa a kan karatu, ki je ki tambayi duk malamin da kika yarda da shi." Na tambayi uku, har da limamin Juma'a, duk bakinsu ɗaya.

Kina zaton washegari na tafi kotu? Ina! Kakanku, Baba, ya ce, "Mu gidan nan ba mu san hanyar kotu ba. So kike a ce 'yata ta kai wan mijinta ƙara saboda kuɗi? Ki bar wa Allah." Na bar wa Allah, damina ta wuce, kaka ta wuce, 'yan ajinku suka rubuta jarrabawa ba ke. Ranar da na farga ita ce ranar da na fito na same ki a gaban kasko kina taya ni suya, kina yago takardun littafinki na lissafi kina ƙunshe wa yara ƙuli a ciki. Ba ki taɓa yi mini ƙorafi ba. Na shiga wurin Baba na durƙusa na ce, "Baba, ka yafe mini, Allahn da ka ce in bar wa, Shi ne Ya yanka mini tumunin nan, kuma zan je in karɓo." Ya ce, "Ki tafi da mayafi mai kauri." Shekarar nan da kika rasa, kunyata ce ta ci ta. Kunya ado ce, Ummi, amma ba a kan haƙƙi ba. Ranar da kika san abu naki ne, ki nema tun da zafinsa.

Ranar zaman kotu a Gwarzo ta zo, ni kuwa ban taɓa tsayawa gaban alƙali ba. Baffa ya zo da babbar riga da carbi mai dubu. Alƙalin dattijo ne, ba ya ɗaga murya. Ya saurare ni har na gama, ya juya ya ce, "Alhaji Garba, me ka ce?" Ashe Baffa ya yi tambaya shi ma, ya san inda ƙofar take. Ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, gaskiya ne ya sake ta yana kwance. Amma bayan nan ya warke sarai, ciwon da ya kashe shi daban ne. Har Gwarzon nan ya zo tantancewar 'yan fansho, kuma kowa ya san ba a tantance mutum sai ya zo da kansa an gan shi. Da ƙafarsa ya zo."

Alƙali ya ce mini, "In ya warke a tsakani, ba ki da gado. Kina da shaida cewa bai tashi ba?" Na ce 'yata ta yi jinyarsa da hutu. Ya ce ba a karɓar shaidar 'ya ga uwarta. Baffa ya yi murmushi yana jan carbi. Aka ɗaga zama, na fito duniya na juya mini. Ba ni da kowa a gidan Baffa da zai buɗe baki. Mutum ɗaya ya faɗo mini, shi ne kuma wanda nake jin kunyar haɗa ido da shi. Na cije na hau mota na tafi Madadi gidan Malam Idi. Na fara ba shi haƙuri, ya ɗaga hannu ya ce, "Bar wannan. Tantancewa ya ce? Shi da bakinsa? To ki je gida ki yi barci."

Ummi, da kin ga zama na biyu! Ina zaune a benci sai na ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanduna. Tsofaffin malaman makaranta ne, abokan layin fansho, Malam Idi a gaba. Wani da tabarau ɗaure da zare, wani jikansa na riƙe da shi, wani tun daga Kabo ya taso, riguna duk sun koɗe amma an sha guga. Suka cika kotu har waje. Baffa ya waiga ya gan su, carbin ya tsaya.

Malam Idi ya ce, "Allah Ya gafarta Malam, ranar tantancewa muna layi tun safe, sai ga mota ta tsaya, marigayi na kwance a baya. Alhaji Garba ne ya kawo shi don kada a cire sunansa kuɗin su bi ruwa. Ko zama ba ya iyawa. Mu huɗu muka kama bakin tabarma muka ɗauke shi kamar gawa har gaban tebur, ma'aikacin ya sauko ya kama yatsansa ya dangwala, don biro ya gagare shi. Ga sauran ukun nan." Ɗaya bayan ɗaya suka tashi suka faɗa, har da mai cewa tun ranar bayansa bai koma daidai ba. Alƙali ya ce, "Alhaji, kai ka kawo maganar tantancewa. Da ƙafarsa ya zo, ko a tabarma?" Baffa ya ce, "To, ai... da sauƙi-sauƙi dai." Wani tsoho daga baya ya ce, "Sauƙin da ya kai shi kabari!" Sai da ɗan sandan kotu ya tsawatar.

Har na fara murna, sai Malam Idi ya ce yana da sauran magana. Bai dube ni ba. Ya ce, "Da muka mai da shi mota, ya kama mini riga ya ce, Idi, roƙar mini direba ya bi da ni ta Gammo. An ce in zo da ƙafata, to ga shi an ɗauko ni, ko a tabarmar ce a ajiye ni a ƙofar gidansu ta gan ni. Alhaji Garba ya ce kuɗin mota na zuwa da komowa ya biya, ba na yawo ba. Aka juya da shi gida yana hawaye."

Ban san lokacin da na zame daga benci ba. A gaban alƙali, a gaban maza, na yi kukan da ban samu yi ba ranar makoki. Ƙafar da na ce ya zo da ita, ita ce ba shi da ita, kuma rashinta ne ya ci mini shari'a.

Alƙali ya bari na natsu, sannan ya yanke hukunci. Ya ce ni magajiya ce, a fitar mini da tumunina daga kuɗin sallama da bashin fansho da gida da gona. Ya ce rabonku ke da Rabi a kawo shi gaban kotu a ƙirga, a fitar da kuɗin karatunku, kada a sake taɓa ko sisi sai da saninsa. Ya dubi Baffa ya ce, "Alhaji, Shari'ar da muka yi wa kabbara ke nan, ba ta san wa ba, ba ta san ƙani ba." Sai da Baffa ya sayar da babur da dawar rumbu ɗaya kafin ya cika. Da muka fito, tsofaffin nan suka kewaye ni suna, "Barka, matar Malam! Barka, matar Malam!" Rabon da a kira ni da sunan nan tun ranar da na hau akori-kura. Na shiga Gammo ana guɗa, Baba da ya ce bai san hanyar kotu ba shi ya fi kowa ba da labari a dandali.

Sauran kin sani. Kika rubuta jarrabawa kika ci, kika tafi kwaleji. Da tumunina na sayi injin markaɗe, wanda babanku ya yi mini alkawari, ashe zai cika shi ko ba ya nan. Injin nan ya yi mini ɗaki, ya kai Rabi makaranta, shi ya yi miki gadon da kike kwance a kai yanzu. Yau duk matar da aka saka ko aka mutu aka bari a Gammo da kewaye, ƙofata take bugawa, in yafa mayafina mai kauri in raka ta. Har tsokanata ake, wai lauyar zawarawa. Na karɓa, sunan ya yi mini. Baffanku kuwa kin gan shi a ɗaurin aurenki, shi ya karɓi sadaki, ni na ce a ba shi. Ki riƙa gaishe shi, jininku ne, shari'a ta ƙare a kotu.

Sai dai kada labarina ya ruɗe ki. Ni Allah ne Ya dube ni, sakina ya faɗo cikin ciwon ajali. Matan da nake rakawa, da yawa haka muke dawowa hannu wofi. Wadda aka saka miji na da lafiya, idda ta cika, ba ta da ko ƙwandala a fanshonsa ko giratutinsa, ko da ita ta riƙe gidan da kaskonta tun yana ƙaramin ma'aikaci. Saboda haka aikin nan naki ki riƙe shi da hannu biyu. Ko mijinki ya yi kuɗin da zai ce ki zauna ki huta, ki yi masa godiya da murmushi, ki lallaɓa shi, da safe ki ɗauki allinki ki tafi aji. In an kira tantancewa ki je. Ki kuma ci gaba da karatun addini, ki zauna a gaba, kada ki yi gyangyaɗi irin nawa.

Na ci shari'a, Ummi, ina alfahari da haka, kuma ko gobe aka taɓa haƙƙinku zan koma. Amma duk safiyar da na tayar da injin nan sai na tuna cewa alƙali ya iya karɓo mini tumuni, bai iya juyo da motar nan ta bi ta Gammo ba. Tsakanin harshe da haƙori ma ana saɓawa, ke da mijinki za ku saɓa. Ranar da ya miƙo hannu, ko ta bakin wani ne, ko a karkace ne, ki kama. Kada ki zauna jiran ƙafarsa alhali taki lafiya lau take.

Allah Ya ba ku zaman lafiya da zuriya mai albarka. Ya tsare fitarki da shigarki, Ya raba ki da mai zuga da mai kai gulma, Ya sa ku tsufa tare ku ci fanshonku da haƙoranku. Allah Ya jiƙan Malam, Ya kai haske kabarinsa, ki riƙa sa shi a addu'a bayan kowace salla. Ki gaida mai gidan da kyau. In kuma wani abu ya taso, daɗi ko wuya, kada ki tsaya neman ɗan aike mai iya magana. Ki ce Inna ki zo, zan zo da ƙafata.

Wassalam.

Mahaifiyarki,
Hajara, Gammo.